Sabon fasalin Google Analytics 4: lissafin ya inganta, amma hanyar isa gare shi ta yi nisa

Mai shafin labarai ko ƙaramin kanti na intanet, tambayoyi uku yake kai wa Google Analytics, manhajar ƙidayar masu ziyartar shafi, da safe: mutum nawa suka shigo jiya, daga ina suka zo, kuma wane shafi suka fi karantawa. Da waɗannan tambayoyin ya kamata a auna sabon fasalin manhajar, wato GA4, wanda Google ya fitar a watan Oktoban 2020, ya kuma zama dole ga masu asusun kyauta tun ranar 1 ga Yulin 2023 da tsohon tsarin, Universal Analytics, ya daina karɓar bayanansu.

A tsohon tsari, jerin da ke gefen hagu yana bin yadda mutum ke tunani: su wane ne baƙin, ta ina suka biyo, me suka yi, me suka saya. Kowane sashe cike yake da rahotanni a shirye. GA4 ya share wannan jeri, ya bar ƙofofi huɗu, Home, Reports, Explore da Advertising, sai alamar saiti a can ƙasa. Allon ya yi fili, ido ya huta. Sai dai fa an samu filin ne ta hanyar kwashe rahotannin da aka saba da su, aka bar wa mai shafi aikin sake gina su da hannunsa.

Shafin farko, wato Home, shi ne mafi rauni a cikin sauyin. Katuna ne jere, wasu na nuna abin da ka buɗe kwanan nan, wasu kuma abin da manhajar ke ganin zai ba ka sha'awa. Allon da ake dubawa kullum ana so ne ya tsaya wuri guda, yadda ido zai san inda kowace lamba take tun kafin ya karanta. Wanda katunansa ke sauyawa ba ya ba da wannan natsuwar. Shi ya sa yawancin masu aiki da manhajar kan tsallake shi kai tsaye zuwa Reports.

A can ma akwai tarko. Rahotanni biyu ne a jere masu kama da juna, User acquisition da Traffic acquisition. Na farko yana faɗin hanyar da mutum ya fara sanin shafinka, na biyu kuma hanyar da ya biyo a kowace ziyara. Wanda ya fara zuwa ta binciken Google a watan jiya, yau kuma ya dawo ta Facebook, rahoton farko zai ci gaba da rubuta shi a ƙarƙashin Google, na biyu zai ba Facebook ziyarar yau. Duka biyun daidai suke, amma sunayen ba su fayyace bambancin ba, sai ka ga mutum ya kai wa mai talla lambar da ba ita aka tambaye shi ba. In tambayar ita ce daga ina aka shigo jiya, na biyun za ka buɗe. Kowane jadawali kuma layi 10 kawai yake nunawa da farko, na kwana 28 da suka wuce, sai ka ƙara da kanka.

Inda GA4 ya cancanci yabo shi ne ƙidayar kanta. Da, duk wanda ya buɗe shafi ɗaya ya fita, ana lissafa shi cikin waɗanda suka juya baya, ko da ya yi minti biyar yana karatu. Wannan zalunci ne ga shafukan labarai, domin mai karatu yakan zo ne don labari guda. Yanzu ziyara tana shiga lissafin ziyarce-ziyarce masu amfani, ba na juya baya ba, idan ta wuce daƙiƙa 10, ko aka buɗe shafi biyu, ko aka yi wani muhimmin aiki da ka ware. Ana iya ɗaga daƙiƙa 10 ɗin har zuwa 60, kuma ga shafin da ke da dogayen rubuce-rubuce, 30 ta fi nuna gaskiya. Haka nan manhajar tana ƙirga saukar da fayil, latsa mahaɗin da ke fita waje, da gangarawa zuwa kashi 90 cikin 100 na shafi, ba tare da an ƙara rubuta komai ba. A da sai an nemo mai fasaha kafin a samu wannan.

Maganin yawancin matsalar jerin yana cikin wani sashe da ake kira Library, a ƙasan Reports, kuma abin takaici ne yadda aka ɓoye shi, domin shi ne mafi amfani a duk fasalin. Ba ya ma bayyana sai ga wanda ke da izinin gyara ko na shugabanci. A nan ne za ka ƙirƙiri tarin rahotanni naka, ka raɗa masa suna da Hausa in ka so, ka jawo rahotanni uku ko huɗu da kake buƙata: hanyoyin shigowa, shafukan da aka fi buɗewa, shafin da baƙo ya fara sauka, da garuruwa. Sauran tarin da ba ka amfani da su, kamar na kuɗin shiga ga wanda ba ya sayar da komai, ka janye su daga jeri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a adana a tashi. Adanawa kaɗai ba ta fito da tarin ba, sai an latsa ɗigo ukun da ke jikin katinsa an zaɓi Publish. Wannan dalilin ne ma ke sa mutane su haɗa Search Console, manhajar Google mai nuna yadda ake samun shafi ta bincike, su yi ta neman rahotanninsa ba su gani ba: suna nan a Library, ba a wallafa su ba ne kawai. A lura kuma, duk abin da ka sauya a nan kowa da ke cikin asusun zai gani, don haka a sanar da abokan aiki tukuna. Aikin kwamfuta ne, ba na waya ba.

A cikin kowane rahoto akwai alamar fensir a sama ta dama. Da ita ake cire ginshiƙan da ba su da amfani a sa waɗanda ake so, har da adadin masu juyawa baya, wanda aka cire da farko aka dawo da shi a 2022 amma ba a sa shi a fili ba.

Akwai saiti ɗaya da ba ya jiran gobe. Sashen Explore, inda ake gina bincike mai zurfi, yana aiki ne da bayanan da aka ajiye, kuma asalin saitin wata 2 ne kacal. Ka shiga Admin, ka nemi Data retention, ka mayar da shi wata 14. Abin da ya riga ya goge ba ya dawowa. Rahotannin yau da kullum ba su shiga wannan iyaka ba, shi ya sa mutum ba ya farga sai ranar da ya so bin sawun masu karatun azumin da ya wuce ya tarar babu komai. Saiti mai irin wannan nauyi bai dace a binne shi a lungu ba.

Lambobin jiya ma kada a yi saurin yanke hukunci da su, don sarrafa bayanai na iya ɗaukar awa 24 zuwa 48.

Ga masu shafukan Hausa akwai wurare biyu da allon ke ruɗarwa. Rahoton harshe yana karanta saitin waya ne ko na burauza, ba harshen da mutum ke ji ba, don haka shafin da duk masu karanta shi Hausawa ne zai nuna Turanci, ko Faransanci ga na Nijar. Na biyu, mahaɗin da aka tura a WhatsApp yawanci yana faɗawa cikin rukunin Direct, kamar mutum ya rubuta adireshin da hannunsa, alhali ta nan ne labari ya fi yawo. Gyaran shi ne a liƙa wa mahaɗin alamar UTM, wato ɗan rubutun da ake ƙarawa a ƙarshen adireshi don nuna inda baƙo ya fito, kafin a tura, a rubuta whatsapp a gurbin tushe, da ƙananan baƙaƙe kullum, domin GA4 yana ɗaukar WhatsApp da whatsapp a matsayin tushe biyu daban, ya raba maka lissafin gida biyu.