Greaseweazle: faifan da aka ce min ya mutu, sai ga shi ya buɗe

Wata uku ke nan da na sayi Greaseweazle, wata 'yar na'ura ta karanta tsofaffin faya-fayan fulofi, kuma gaskiya ba don sha'awar tsofaffin kwamfutoci na saye shi ba. Saboda faifai ɗaya tak na saye shi. Marigayi mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar faya-fayan fulofi 46 a cikin kwali, irin masu inci uku da rabi ɗin nan, kuma a jikin ɗaya daga cikinsu ya rubuta da hannunsa: "Littafi, na ƙarshe". Mun san ya yi shekaru yana rubuta littafin koyar da lissafi, amma babu wanda ya taɓa ganinsa a takarda.

Kafin in san da wannan na'ura, wani kamfani mai tallan ceto bayanai na kai wa kwalin. Ba zan faɗi sunansu ba. Sun riƙe faya-fayan sati biyar, suka dawo min da filasha mai folda 31 da 'yar takarda da ke cewa sauran 15 sun lalace, babu abin da za a iya yi. Faifan littafin yana cikin 15 ɗin. Na tambaye su ko sun ɗauki hoton faifan, wato fayil guda da ke ɗauke da kwafin faifan sukutum daga farko har ƙarshe, ko da ba ya buɗewa. Wanda ya amsa min bai ma gane abin da nake nufi ba. Daga baya na fahimci aikin nasu: su zura faifai a ƙaramin injin nan mai jona USB, in ya buɗe su kwashe, in kwamfuta ta ce a yi masa fomatin su ajiye shi gefe su rubuta "ya lalace". Shi ke nan aikin da na biya kuɗi a kai.

Ga bambancin da ya sa nake rubuta wannan sharhi. Injin USB shi yake yanke hukunci da kansa. Ya karanta gurbi, wato ɗan yankin faifai da ake ajiye bayanai a ciki, ya duba lissafin tantancewa da ke maƙale a ƙarshen gurbin, in bai dace ba ya ce babu, kai kuma ba ka ganin komai. Shi Greaseweazle, ɗan allon lantarki ne da Keir Fraser ya ƙirƙira ya kuma saki tsarinsa da manhajarsa kyauta, ba ya fassara komai. Yana zama tsakanin kwamfutarka da tsohon injin fulofi na ainihi mai waya mai fil 34, yana auna tazarar lokaci tsakanin kowane juyin maganaɗisu da kan injin ya ji a jikin faifan, ya zuba maka su yadda suke a fayil ɗin SCP. Fassarar daga baya ake yin ta, a kan kwafin, sau nawa ka ga dama, faifan kuwa yana can ajiye ba a ƙara wahalar da shi. Na sa shi ya karanta kowane zobe, wato da'irar da gurabe ke jere a kanta, sau biyar. Faifan da gaba ɗayansa bayit 1,474,560 ne, sai ga fayil ɗinsa ya haura megabayit 100.

Daren da na karanta faifan littafin ba zan manta da shi ba. Na buɗe fayil ɗin a manhajar HxC, wadda take zana maka faifan, gurbi mai lafiya kore, mai matsala ja. Na shirya zuciyata in ga ja ko'ina, tunda an ce min ya mutu. Wallahi kore ne fal. Faifan irin wannan yana da zobe 80 a kowace fuska, fuska biyu, kowane zobe gurbi 18, jimla 2,880. Guda huɗu ne kacal suka yi ja. Huɗu! Kuma dukkansu a zoben farko na bakin waje, a fuska ta farko. Na daɗe zaune ina kallon allon ban taɓa komai ba.

Abin da ya sa gurbi huɗu suka isa su rufe faifai gaba ɗaya shi ne wurin da suke. Gurbi na 0 shi ne yake gaya wa kwamfuta wane irin faifai ne wannan da yadda aka tsara shi. In ya ƙi karantuwa, kwamfuta sai ta ɗauka faifan fanko ne. Daga gurbi na 1 zuwa na 9 teburin FAT ne, wanda yake nuna inda kowane fayil ya fara da inda ya ci gaba. Nan sauran ukun suka faɗa. Ba mamaki, domin wurin ne kan injin yake komawa duk lokacin da aka ajiye ko aka goge wani abu, Baba kuwa ya yi shekaru yana ajiyewa a kan faifan nan. To amma waɗanda suka tsara FAT12, tsarin ajiyar da faifan ke bi, sun yi tanadi: akwai kwafi na biyu na teburin daga gurbi na 10 zuwa na 18, kuma nawa lafiyarsa ƙalau. Jerin sunayen fayiloli, daga na 19 zuwa na 32, shi ma ko ƙwarzane babu.

Gyaran bai kai awa ɗaya ba, kuma duk a kan kwafi na yi shi. Na fitar da hoton faifan a fayil ɗin IMG, na ɗauko gurbi na 0 daga hoton wani faifan Baba mai lafiya mai tsari iri ɗaya na ɗora a wurin, na kwafe teburi na biyu a kan na farko. Da na buɗe, sai ga su a jere: BABI1 har zuwa BABI9. Kowanne ya fara da alamar WPC, wato da WordPerfect ya rubuta su, LibreOffice kuma ta buɗe su ba gardama. Na ga salon jimlarsa, na ga yadda yake fara kowane darasi da tambaya kamar yadda yake mana muna yara. Na kira yayata a daren, na karanta mata shafin farko a waya, ba ta iya cewa komai ba sai addu'a.

Akwai ƙari. Ina duba jerin sunayen bayit bayan bayit sai na ga wani suna da harafinsa na farko ya koma lambar E5. Haka DOS, tsohuwar babbar manhajar kwamfuta, yake yi in an goge fayil: ya sauya harafin farko na sunan, ya share sarƙarsa a teburi, amma ya bar inda fayil ɗin ya fara da girmansa, rubutun kuma yana nan kwance har sai wani abu ya hau kansa. Sunan ya nuna babi na 10 ne. Na bi gurbin farko na kwaso adadin da girman ya nuna. Kashi biyu cikin uku ya fito daram, ragowar wani fayil ya riga ya haye shi. Na yi jim kafin in karanta, domin shi ya goge da hannunsa, ban sani ba ko yana so a gani. Na karanta dai, kuma na ware shi daban, ban haɗa shi da littafin ba.

Har zuwa nan, da za a tambaye ni, cewa zan yi kowa ya je ya saya. Amma ina ci gaba da sauran 14 ɗin sai raina ya sake ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba. Uku daga cikinsu, da na ja murfin ƙarfen na haska fitila, zobe ne na ƙarzuwa a jikinsu, fari tas, ana gani da ido. Fumfuna ce ta kama su a ajiya. Wanda ya san aikinsa, kafin ya zura faifai a inji sai ya leƙa fuskarsa, in ya ga tabon fumfuna ya goge a hankali da auduga da sinadarin isofurofil, ya bari ya bushe. Su kuwa haka suka zura su, kan injin ya kwashi dattin ya riƙa jan sa yana kankare fatar faifan a gudun zagaye 300 a minti. Abin da aka kankare ya tafi, babu na'urar da za ta dawo da shi, komai kyanta.

Na huɗun ya fi ci min rai. Jikinsa an rubuta "Wasiƙu". Ya karantu kore tas, ba gurbi ɗaya ja, na yi murna. Da na leƙa ciki, lambar F6 ce a jere a duk inda ya kamata rubutu ya kasance, alamar an yi masa cikakken fomatin. Na kira kamfanin, bayan ja-in-ja wani ya ce min ai ma'aikacinsu "ya gwada gyara shi". Ramin kariya da ke kusurwar faifan, wanda da ɗan yatsa ake turawa ya buɗe a hana rubutu a kai, ko shi ba su buɗe ba. Wasiƙun mahaifina sun yi shekaru a kwali ba abin da ya same su, sai da na ɗauke su da hannuna na kai wa masu cewa su gwanaye ne. Ko haƙuri ba su ba ni ba.

Sannan kada kowa ya ɗauka da sayen allon an gama. Sai ka nemo injin fulofi na ainihi, da wayarsa, da abin ba shi wuta, kuma yanzu duk tsofaffi ne. Na farko da na saya wajen wani mai sayarwa a intanet, ya rantse an gwada shi, ya iso kansa dumu-dumu da baƙin datti, ko bayan na wanke shi rabin zoben ba ya kamawa. Allah ya sa da faifan banza na fara gwada shi. Sati biyu suka tafi kafin in samu na biyu mai kyau. Manhajar ma rubuta mata umarni ake yi, ba danne-danne ba ne, sai ka zauna ka karanta bayaninta. Wanda faya-fayansa na PC ne masu lafiya, injin USB ya ishe shi, kada ya wahalar da kansa. Amma in faifan yana gardama, ko na tsohuwar kwamfutar Amiga ne mai gurbi 11 a zobe, ko na tsohuwar Macintosh mai kilobayit 800 da gudunsa ke sauyawa daga wani rukunin zobe zuwa wani, injin USB ba zai taɓa karanta shi ba. Wani abokina ya kawo min na Amiga guda shida, duk suka fito a fayil ɗin ADF mai bayit 901,120 kowanne, bai yi tsammani ba.

A cikin 15 da aka ce sun mutu, 11 sun dawo cif. Ɗaya ya tafi. Ukun da aka ƙarza na samu wani abu daga kowanne, ɗaya ma fiye da rabi, ta hanyar karanta su a inji biyu daban ina tsintar gurbin da ya yi kore a nan ina cike na can. Fayilolin SCP ɗinsu na ajiye su wuri uku. A ɗaya daga cikin ƙarzazzun akwai wani fayil mai suna AMSOSHI, wanda nake kyautata zaton amsoshin darussan littafin ne, gurbi bakwai suka rage min a cikinsa, kuma inji na uku yana hanya.