Tun kafin a yi wa autana aiki a Jamus aka gaya mini zai iya farkawa a gigice

'Yan uwa, an yi wa autana aikin maƙogwaro a nan Hambug, kuma Alhamdulillahi ya samu sauƙi. Amma zaman da likitar sa barci ta yi da ni kafin aikin ya tsaya mini a rai.

Ranar farko mayar da mu gida aka yi. Yaron yana ɗan zazzaɓi, aka ɗibi jini, aka ce CRP ɗinsa ya hau. Wani sinadari ne da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a jiki. Raina ya ɓaci, domin kafin a sake samun rana a ƙasar nan sai ka gaji da jira da cike takardu.

Da muka koma ta zaunar da ni. Ta ce yara 'yan shekara 2 zuwa 5, musamman masu aikin maƙogwaro da aka shaƙa musu iskar sa barci mai suna sevoflurane, sukan farka a gigice, kuma yakan wuce cikin minti 15 zuwa 30. Tsoro kafin aiki yana ƙara shi. Ta ce masu bincike na duba ko hauhawar alamomin kumburi a jini, irin su CRP da IL-6, na da hannu a ciki.

Haka kuwa aka yi. Ya farka yana ihu, yana fizge robar hannunsa, ina kiransa yana kallona bai gane ni ba. Nas ta tsaya a kansa tana duba ko yana haɗa ido, ko yana rarrasuwa, tana rubutawa. Ban firgita ba, don an riga an gaya mini.

A can ƙasarmu wa zai yi maka wannan bayani? Ka sa hannu a takarda, a miƙo maka jerin magunguna ka nufi kemis. Yaro ya farka yana fizge-fizge, nan take a ce iska ce, wata gwaggo ta ce an yi masa sammu. Mu ma da laifinmu: muna jin nauyin tambayar likita, muna ɓoye cewa yaro na zazzaɓi don kada a ɗage aiki.

Sai dai fa kaɗaici! Inshora ta biya komai, amma babu mai shigowa da fulas ɗin kunu, babu mai cewa "ya mai jiki?" Maƙwabciyata ma ba ta san mun kwana asibiti ba.