Juma'a a MySQL da Juma'a a PostgreSQL: lambarsu ba ɗaya ba ce

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: ya kwashe bayanan shagonsa daga MySQL zuwa PostgreSQL (dukansu manhajojin ma'ajiyar bayanai ne), sai rahoton cinikin ranar Juma'a ya fara fito masa da na Asabar. Malam, bayananka lafiyarsu ƙalau. Ƙirgen ranaku ne kowanne yake yi da nasa tsari.

A MySQL hanyoyi biyu ne, su kansu ba su jitu ba. DAYOFWEEK yana farawa da Lahadi a matsayin 1, ya ƙare da Asabar a 7, don haka Juma'a 6 ce. WEEKDAY kuwa Litinin ce 0, Lahadi 6, Juma'a ta zama 4. A PostgreSQL ma biyu ne. EXTRACT da DOW yana ba Lahadi 0, Asabar 6, shi kuma ISODOW yana ba Litinin 1, Lahadi 7. A dukansu Juma'a 5 ce. To ka ga inda gizo ke saƙa: ka ɗauko 6 ɗinka ta DAYOFWEEK ka kai wa DOW, inda 6 ke nufin Asabar. PostgreSQL ba zai yi maka ƙorafi ba, tunda lambar halastacciya ce.

Ni a ganina ka tsaya kan ISODOW. Idan wata rana ka koma MySQL, ƙara 1 a kan WEEKDAY ya ba ka lamba iri ɗaya.

Amma gyara lambar kawai ba zai wadatar ba, domin akwai maganar agogo. Sau da yawa ana adana lokaci ne a UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, alhali Najeriya da Nijar suna gaba da awa ɗaya. Cinikin da aka yi da ƙarfe 12:30 na dare a Kano, Juma'a ta riga ta shiga, amma a ma'ajiyar bayanai 11:30 ne na daren Alhamis. Mai shagon da ke tashi da magariba ba zai taɓa lura ba. Mai karɓar kuɗi ta intanet dare da rana shi zai ga lissafi ya ƙi daidaita. A PostgreSQL, in ginshiƙin da ke ɗauke da lokacin nau'in timestamptz ne (mai la'akari da yankin lokaci), ka sa AT TIME ZONE 'Africa/Lagos' kafin ka ciro ranar. A MySQL aikin CONVERT_TZ ne, sai dai yana da wani hali mai ban haushi: in ba a loda teburan yankunan lokaci ba, ka ba shi sunan gari, NULL, wato babu komai, zai miƙo maka shiru. Tunda ba ma sauya agogo da rani ko damina, rubuta '+00:00' da '+01:00' ya isa. Nan kam PostgreSQL ya fi sauƙin sha'ani.

Tazarar kwanaki ba ta da wahala. MySQL na da DATEDIFF, inda ake fara sa ranar ƙarshe. PostgreSQL ba shi da shi sam, kwanan wata kake debewa daga wani kai tsaye.

Rahoton mako-mako ma a kula. YEARWEEK na MySQL, in ba ka faɗa masa komai ba, da Lahadi yake buɗe mako. Sai ka ba shi 3 zai bi tsarin ISO, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ke fara mako da Litinin. PostgreSQL tun asali ISO yake bi, date_trunc ma, mai mayar da kwanan wata zuwa farkon mako, Litinin yake komawa. A wannan tsarin Litinin 29 ga Disamba 2025 tana cikin makon farko na 2026, don haka WEEK sai a haɗa shi da ISOYEAR, ba YEAR ba.

In teburin ya yi girma, ka fara taƙaita kwanakin da >= da < a kan ginshiƙin kansa, sannan ka tace Juma'a, in ba haka ba fihirisar (index) da ka gina don saurin bincike ba za ta yi aiki ba. Turo mana nau'in ginshiƙin naka, timestamp ne ko timestamptz, sai mu rubuta maka layin daidai.