Tiyon ɗigo da na saya wa shukokina a Jidda, ga yadda na same shi

'Yan uwa masu tambayata kan tiyon nan na ɗigo da Larabawa ke ce wa tanƙiɗ, gaskiya ya yi, amma fa sai kun san abin da za ku haɗa shi da shi. A wani mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke, na saya a nan Jidda, ya zo da baƙin tiyo mai milimita 16 da ƙananan da ake sokawa a jikinsa da kawunan ɗigon, akwai mai sakin lita 2 a awa, akwai mai 4, akwai mai 8. Mai 2 na sa wa yakuwa da na'ana'a, zogale da lemun tsami na ba su mai 4.

Da can da tiyon wanke tsakar gida nake ban ruwa, rabi ya gangare kan tayil rabi rana ta shanye, kafin la'asar ganyen yakuwa ya langaɓe kamar ba a ba shi komai ba. Yanzu ruwan a gindin shuka kawai yake sauka kaɗan kaɗan, saman ƙasar a bushe amma ki tura yatsa ki ji danshi har ciki, hazan ɗinmu, wato tankin ruwan gida, ma ya daina saurin ƙarewa, maigida ya huta da neman wayit, motar tankar da ke kawo ruwa.

Kuma wallahi abin yana damuna in na ga ana sakin ruwa a ƙasar nan. Saudiyya ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara, ruwan da ke zuwa famfonmu na Bahar Maliya ne da ake cire wa gishiri, mafi yawa daga tashar Shu'aiba wadda ita ke shayar da Makka ma. Tun 2016 da aka sauya farashi, yawan shanki yawan tsadar kowace mita a fatura. A 2019 da hukumomi suka fito da shirin Qatrah na rage ɓarnar ruwa cewa suka yi mutum ɗaya na kashe lita 263 a rana, suna so ya dawo 150 kafin 2030.

Toh sai matsalolinsa. Babu filta a cikin kwalin kuma mai shagon bai faɗa min ba, ƙurar hazan da farin gishirin nan da ruwa ke bari suka toshe kawunan, sai da na ga kuɓewa ɗaya ta fara yaushi na duba na tarar kan ɗigonta ba ya ɗiga. Ki sayi filta tun ranar farko, kawunan da suka toshe kuma ki jiƙa su a ruwan hal, wato binega, su kwana, suna buɗewa. Taima, na'urar da ke buɗe ruwan ta rufe a kan lokaci, ita ma haka, in ruwanki daga hazan ɗin saman gida yake saukowa ba shi da ƙarfi, wasu taimomin ba sa buɗewa sai da ƙarfin ruwa, ki ce a ba ki wadda ke aiki ko babu shi. Sabbak ɗin unguwarmu, wato mai gyaran famfo, shi ne ya gane haka, Allah ya saka masa.

Ƙananan tiyon kam ba su da kauri, ranar Jidda na busar da su su tsage, ni na binne nawa da ƙasa. Na saita ban ruwan bayan asuba, ruwan mukayyif, wato AC, da nake tarawa a bokiti kuma shi nake zuba wa tukwanen da tiyon bai kai ba. Mai tukwane uku ko huɗu kada ta wahalar da kanta, buta ta ishe ta, amma in kin haura goma ki saya.