Hirar bakin kanta a Manchester

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da yaran shago. Kun tambaye ni yadda ake saye da sayarwa a nan, tunda kuna shirin zuba kantoci da kwamfuta a sabon shagonku. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ta fuskar kaya, gaskiya sun tsara abinsu. Kowane abu da farashinsa a manne, har da nawa kilo ɗaya ya kama, don mutum ya gane ko babban buhun shinkafa ya fi ƙarami sauƙi. Babu tayi, babu albarka, babu gyara. Idan ka sayi tukunyar lantarki ka je gida ka tarar ba ta aiki, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cif. Leda kuwa sayenta ake yi: a 2015 aka sa mata kwabo 5 nasu, a 2021 ta koma 10, don haka kowa da jakarsa yake fitowa. Farasitamol ma ba a ba mutum fiye da fakiti biyu, kowanne ƙwaya 16. Ranar Lahadi manyan kantuna awa shida kawai doka ta yarda su buɗe.

Abin da na fi so in ba ku labari shi ne minti ɗaya ko biyun da mutum ke yi gaban kashiya. A nan a zaune suke aiki, kaya na tahowa kan bel suna haskawa. A kantunan Aldi saurin ya kai ba ka da damar shirya kayanka a gabanta, sai ka kwashe ka koma gefe. A yawancin kantuna tambayoyin kashiya ba sa canzawa: lafiya dai? kana son leda? kana da katin ragi? kati ko tsaba? a ba ka rasit? Tana yin su daga safe har ta tashi.

To a cikin wannan ɗan tsukin ne Turawan arewacin Ingila, musamman tsofaffi, suke cusa barkwancinsu. Na'ura ta ƙi karanta lambar da ke jikin gwangwanin wake, sai dattijo ya ɗaga gira ya ce, "To kyauta ne ke nan." Ya miƙa takardar fam 50, kashiya ta ɗaga tana dubawa, ya ce, "Kwantar da hankalinki, da safen nan na buga ta." Ta ce akwai wani abu kuma? Ya ce, "Fam miliyan ɗaya, in akwai saura." Na ga wata tsohuwa da aka tambaya ko ta samu duk abin da ta zo nema, ta ce, "Na samu har da goma da ban zo nema ba," tana nuna keken kayanta. Wani kuma da aka gaya masa jimillar kuɗinsa ya dafe ƙirji ya tambaya ko ginin ma an haɗa masa a ciki. Sai maganar ruwa. Garin nan ya yi suna da yayyafi, kuma kusan kowa sai ya taɓo shi. Rana ta leƙo na rabin awa, sai ka ji wani ya ce, "Bazarar bana ke nan, mun gode, sai baɗi."

Wata maƙwabciyata 'yar Ghana tana wannan aikin. Ta ce maganar "kyauta ne" kullum sai ta ji ta, kuma kowane mai faɗa gani yake shi ya ƙirƙiro. Na ce ba ta gundure ki ba? Ta ce ko kusa. Wanda ke ƙona mata rai shi ne mai zuwa da waya manne a kunne, ya zube kaya, ya dangwala kati, ya wuce ko kallonta bai yi ba. Mai tsohon barkwanci ya gan ta, ya san mutum ce zaune a wurin.

Maganarta ta tuna mini da wasan Kanawa da Zage-zagi. Tun kakanni zolaya ɗaya ake maimaitawa, kowa ya san abin da za a faɗa da amsar da za a mayar, amma ba wanda ya taɓa cewa ta tsufa, domin ba sabuntarta ake nema ba, zumuncin ake tabbatarwa. Mu a Singa ko Kwari muna da fili: a yi sallama, a tambayi gida, a tambayi kasuwa, a ce sai godiya, a taya, a ce albarka, a ja, a yi rantsuwa da uwar kuɗi, sannan a sallama. Cinikin turmin atamfa ɗaya zai iya cin rabin awa. Su an rage musu duk wannan, ga layi a bayanka, sai jimla ɗaya ta rage, kuma ba su yarda ta salwanta ba. Na girmama su a kan haka.

A shagunan 'yan Pakistan da Somaliyawa na unguwannin Longsight da Cheetham Hill, inda muke sayen naman halal da doya da attaruhu, abin ya fi kama da gida. Mahauci zai amsa sallama, ya ce ɗan'uwa kwana biyu, ya tambayi yara, wani lokaci ya yafe ɗan abin da ya hau kan kuɗin. Sai dai doya ɗaya a nan, in na juya kuɗinta zuwa naira, ba za ku so ji ba.

Damuwata ita ce na'urorin da mai saye ke haska kayansa da kansa. Sun cika manyan kantuna, ma'aikaci ɗaya na tsaye yana kula da shida ko takwas, yana zirga-zirga duk lokacin da wata ta yi jan wuta. Suna da sauri ga mai burodi da madara. Amma akwai tsofaffi da yawa a ƙasar nan da ke zaune su kaɗai, 'ya'ya sun watse, kuma na sha ganin suna barin na'ura a buɗe su bi dogon layi don su yi wa kashiya maganar ruwan sama. Wasu kamfanoni sun lura. A 2023 Booths, masu kantuna a arewacin Ingila, sun cire na'urorin daga dukkan rassansu in ban da biyu. A Holand kuwa, kantunan Jumbo sun ware layi na musamman tun 2019 don wanda ke son ya tsaya hira, ba mai hanzarta shi.

Don haka ga shawarata, Kawu. Ku manna farashi a jikin komai, ku ba da rasit, ku yarda a dawo da kayan da suka lalace, duk wannan zai kawo muku mutane. Amma yaron da za ku zaunar gaban kwamfutar, ku zaɓi mai sakin fuska wanda ya iya gaisuwa, ku kuma samo masa kujera mai kyau, don wuni zai yi a kanta. Idan Hajiya ta ce a rage mata alhali ta ga farashi a rubuce, kada ya nuna mata takarda, ya yi dariya ya tambaye ta jikokinta. Na'urar haska kayan da kuka ce in duba na samo mai riƙewa a hannu, zan ba mai tahowa a watan gobe. A gaishe mini da Inna.