Gargaɗi: mai shirya yawon bakin teku ya cinye mana jika 450

Jika 450, wato sefa dubu 450. Mu shida ne 'yan fada ɗaya (majalisarmu ta hira da shan shayi) a nan Yamai, kowa jika 75, kuma ni na tattara kuɗin da hannuna na miƙa masa. Abin da ke hana ni barci ke nan.

A Facebook na ga tallarsa: kwana goma a mota, daga Kwatano a bi bakin teku zuwa Ouidah, Grand-Popo, Lome, Akra, har Elmina ta ƙasar Gana inda ruwa ke dukan duwatsu ƙarƙashin ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Huɗu daga cikinmu ba su taɓa ganin teku ba, iyakarsu kogin Isa.

Kada wanda ya ce min gaggawa na yi. Na yi masa tambayoyi wallahi. Na ce ya batun gadar Gaya da Malanville da aka rufe tun 2023? Ya ce mota ɗaya za ta kai mu Gaya ta Dosso, mu ƙetare a kwale-kwale, wata tana jiranmu a Malanville, mu kwana Parakou. Shi ya tuna mana ma da katin allurar shawara. Wanda bai san hanya ba zai yi wannan maganar?

Ranar da aka sa za mu tashi, tun asuba muna tsaye da jakunkuna, ɗaya ya sayo kilishi na guzuri, har hantsi ya yi babu mota. Lambarsa a kashe. Amma tun kafin nan, ranar Talata ko Laraba, ya nemi ƙarin jika 30 wai na otel a Lome, na ce sai mun isa. Ya ce “ba komai babban yaya, Allah ya kai mu.” Ashe a nan ya kamata in farga.

Abin da nake ta juyawa a raina shi ne daren da ya zo fadarmu. Ya zauna kan tabarma, ya sha shayi har na uku, aka kira isha'i ya bi sahu tare da mu. Na ba shi kuɗin, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sai ya zaro jika 5 ya ce “babban yaya, kun yi ƙari.” Ya maido min! Wa zai zargi mutumin da ya maido jika 5? Da jika 5 ɗin nan ya saye ni, ya tafi da 450.

Shagon da ya ce ofishinsa ne, na je, tela ne a ciki, bai taɓa jin sunansa ba. Rasit ɗin da ya ba ni har da hatimi, takardar banza.

Ɗaya daga abokaina kwasar adashinsa ce ya ba ni. Bai ce min uffan ba, gaisuwa kawai muke yi, kuma wannan shirun ya fi min zagi ciwo.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda. Hotunan hirarmu ta WhatsApp da rasit ɗin zan saka su gobe in sha Allahu, shafin nasa ya goge amma na riga na ɗauka. Kada ku ba kowa ko dala sai kun ga motar da direban da idonku. Jika 450, jama'a.