Kafin Ka Sayi Awarwaron Dutsen Jed

'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sun san layin Hualin, inda ake baje koren dutsen nan da Sinawa suke ji da shi fiye da zinariya. Sunansa jed, amma duwatsu biyu ne suke amsa sunan. Wani masanin ma'adinai Bafaranshe, Alexis Damour, shi ya bambance su a 1863.

Na farko jadayit, mafi tsada. Mafi kyawunsa daga ma'adinan Hpakant na ƙasar Myanmar yake fitowa. Wanda korensa ya yi shar, haske yana ratsa shi, kuɗinsa sai manya: a 2014 an sayar da wata sarƙar wuya mai duwatsun jadayit 27 a Hong Kong kan dala miliyan 27 da 'yan kai. Na biyu nefrayit, na yankin Hotan a Sin, da Kanada da New Zealand. Korensa ya fi duhu, sheƙinsa kamar an shafa masa mai, kuma bai cika fashewa ba.

Inda ake cutar mai saye shi ne wajen jadayit. Kashi uku ne a kasuwa. Nau'in A na asali ne, goge shi kawai aka yi da kakin zuma. Nau'in B an jiƙa shi cikin asid don ya yi fes, aka cike ramukan da asid ɗin ya bari da roba. Yana ɗaukar ido a shago, bayan shekaru sai ya fara komawa rawaya. Nau'in C kuwa rini ne. Ɗaga shi ga haske, za ka ga launin ya taru cikin jijiyoyin dutsen. Akwai kuma gilashi tsantsa, wanda wani lokaci ake ganin ƙananan kumfa a cikinsa.

Masu sayarwa sukan rataye awarwaro da zare su ƙwanƙwasa don ka ji ƙararsa. Kada wannan ya ishe ka. Nemi takardar gwaji, ka duba lamba da nauyi su dace da abin da ke hannunka.

Ni dai idan kuɗinka ba su kai na nau'in A ba, gara ka ɗauki nefrayit na asali da ka kwaso B mai ƙyalli. Na mata ne za ka saya? To a kiyaye shi daga turare da zafin murhu, a riƙa wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi.